Neman shawara: lissafin da aka ba yara jimla kaɗai

Malamar aji ɗaya:
Assalamu alaikum malamai. Yarana sun iya tarawa in an ba su lambobi biyu, ka ce 3 da 2 su ce 5. Sai na ba su wannan: "Kaka ta sayo goro 5, wasu farare wasu jajaye. Farare nawa, jajaye nawa?" Aji ya yi tsit. Wani ya ce ai ban gama faɗin tambayar ba. Can wata ta ce 4 da 1, wani ya ce 3 da 2, gardama ta kaure kan wanda ya ci. Ta ina zan ɓullo wa abin?

Malamin lissafi mai ritaya:
Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki kashe gardamar nan, ita ce darasin. Ki ba kowane yaro marfin lemo 5, ya girgiza a hannu ya watsa a kan benci. Wanda ya kife shi ne jan goro, wanda ya faɗi a buɗe fari. Duk abin da ya fito ki rubuta a allo, amma jimlar ta zo farko: 5 = 4 + 1. Yara da yawa sun ɗauka alamar daidai (=) tana nufin "ga amsa nan tafe", wannan rubutun ke gyara musu. In amsoshi sun taru, ki tambaye su yadda za a tabbatar babu wadda ta rage. Da kansu za su jera: 1 da 4, 2 da 3, 3 da 2, 4 da 1.

Malamar aji ɗaya:
Na gode, Baba. To 2 da 3, da 3 da 2, ba abu ɗaya ba ne?

Malamin lissafi mai ritaya:
Jimlarsu ɗaya, amma farare 2 jajaye 3 daban yake da farare 3 jajaye 2. Sifili kuma, wato 0 da 5 ko 5 da 0, ki bar shi tukuna, tunda kin ce akwai kala biyu. Ranar da kika ce goron zai iya zama kala ɗaya duka, amsoshin sun koma 6.

Wani ɗalibin kwalejin ilimi:
Malama, ba ki yi musu gaggawa ba. A Amurka manhajar Common Core ta 2010 tun ajin share fage take so yaro ya raba lamba har zuwa 10 gida biyu, ta hanya fiye da ɗaya.

Wata malamar firamare:
Ni dai marfin lemo ban yarda da shi ba a aji mai cunkoso, rabi aljihu rabi baki. Yatsun hannu ɗaya sun isa: a lanƙwashe wasu, a miƙe sauran. Kuma in za ki saka a jarrabawa, ki rubuta "kawo hanyoyi biyu", in ba haka ba mai duba takarda zai soke wa yaro amsar da take daidai.