Neman kalmar Hausa: me za mu kira formicarium?

Mai tambaya:
Salam jama'a. Ina rubutu ne kan masu kiwon tururuwa a gida, eh kiwo dai kamar yadda wani ke ajiye tantabaru don sha'awa, a Turai da Amurka abin ya yi nisa har shaguna gare su. Akwatin da suke zuba su ciki shi ne formicarium, daga formica wato tururuwa da Latin. Yawanci gilashi ne ko roba mai garai-garai, an yi ɗakuna da hanyoyi a cikin farar ƙasar POP ko yashi yadda za ka riƙa kallon uwar da ƙwanta da ma'aikata suna ta hidima. Wani Bafaranshe Charles Janet ya nuna irinsa a baje kolin Paris na 1900, sai a 1956 Milton Levine ya fara sayar wa yara a Amurka da sunan Ant Farm, wato gonar tururuwa. Ni dai ba na son in rubuta fomikariyam, baki ma ba ya son faɗa. Ku kawo shawara don Allah.

Ɗan Zazzau:
Gidan tururuwa mana, ko gonar tururuwa tunda haka masu abin suka ce.

Mai tambaya:
Yallaɓai gidan tururuwa ai kowa ramin bakin gona zai kawo a ransa, wanda suka haƙa da kansu. Gona kuma me ake nomawa a ciki? Sunan kasuwa ne kawai wancan.

Baƙauye:
Suri fa?

Malamar Bayoloji:
A'a ɗan'uwa, suri na gara ne, kuma gara ba tururuwa ba ce sam, ta ma fi kusa da kyankyaso a dangi. Kafin mu kai ga akwatin ma akwai wata matsalar, mu fa mun rarrabe su tun da can, tururuwa daban, cinnaka daban, kiyashi daban, kwarkwasa daban, Turawa kuma kalma ɗaya suke tara su duka a ciki. Ni ina ganin a bar tururuwa ta zama sunan gaba ɗaya, in ana son bambancewa sai a faɗi iri. Masu kiwon nan kowane iri da akwatinsa, in ka haɗa biyu yaƙi ne har sai ɗaya ya ƙare. Mai tara hatsi irin Messor, wadda ita ce ainihin tururuwarmu ta Sahel da ake tona raminta lokacin yunwa, tsaba ake ba ta kuma tana son ɓangare busasshe don kar hatsin ya tsiro, Camponotus manya ruwan sukari da ƙwari suke so, kwarkwasa kuwa kusan ba ta kiwuwa don ba ta zama wuri ɗaya kuma yawanta ya wuce akwatin ɗaki.

Ɗan Zazzau:
Toh keji ko akurki. Akurkin tururuwa, wallahi ya ma yi daɗin faɗa 😂

Ɗan Damagaram:
Akurki kwana kawai kaza ke yi ciki gari na wayewa ta fita. Ku tsaya, muna da abin nan tuntuni, amya. Mutum ke saƙa ta ya shafe ya rataya a bishiya, ƙwari masu uwa ɗaya da dubban ma'aikata su shiga su yi gini su hayayyafa, ba shi ke nan ba? Amyar tururuwa.

Baƙauye:
Malam amya ai don zuma ake ratayawa, kuma ƙudan da kansa yake zuwa in ya ga dama ya tashi. Nan kuwa kamo su ake yi a rufe, har hoda ake shafawa a bakin akwatin don ƙafarsu ta riƙa zamewa, kuma ba abin da za ka lasa.

Mai tambaya:
Gaskiyarka a nan, amma ni amyar ta kwanta min. Abin da nake so kalmar ta ɗauka shi ne hannun mutum ya yi mazaunin, su kuma suka cika shi da rayuwarsu, kuma keji da akurki ba su da wannan na biyun. Zancen kamowa ma ba gayya guda ake kwasowa ba, uwa ɗaya ake nema, bayan an yi ruwan sama masu fiffike suna fitowa barbara, wadda ta sauka ta karya fiffikenta ita ake ɗauka a sa a kwalbar gwaji da ruwa a ƙasa an toshe da auduga, a ajiye a duhu a ƙyale ta makonni har 'ya'yan farko su fito, sai sun yi yawa ake mayar da su akwatin. In uwar ta mutu a yawancin iri gidan ya mutu kenan a hankali. An taɓa ajiye uwar wata baƙar tururuwa mai suna Lasius niger a Jamus ta kusa shekara 29, ka ga wannan ba abin wasan yara ba ne.

Malamar Bayoloji:
Na ji daɗi da kake cewa uwa, don sarauniya da ake fassarawa ba ta mulkin kowa, ƙwai kawai take yi, ma'aikatan nan kuma duk mata ne 'ya'yanta. Na goyi bayan amyar tururuwa, inda ake tsoron ruɗani a ƙara "ta gilashi". Ɓangaren waje da ake haɗawa da bututu inda ake sa musu abinci suke kuma zubar da shara, shi kam tsakar gida za mu ce.

Ɗan Zazzau:
Na janye akurki amma ba da son raina ba.

Mai tambaya:
Madalla, na gode ƙwarai. Zan sa amyar tururuwa, uwa, tsakar gida, mai abin kuma mai kiwon tururuwa. Wanda ya san jam'in amya a bakin masu zuma na yankinsu ya ajiye min a ƙasa, akwai inda zan yi maganar mutum mai guda goma a ɗaki ɗaya.