Hannun Atari da rigimar wa ya isa a kira injiniya

Ɗan Wunti: Jama'a, raini ya ishe ni. Na kwance tsohon hannun gem na Atari 2600, injin da ya fito a 1977, na bi wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya da mita. Babu ayisi (IC, ɗan ƙaramin guntun lantarki mai sarrafa sigina) a ciki, makunnai biyar ne kawai. A filoginsa mai rami tara, 1 sama ne, 2 ƙasa, 3 hagu, 4 dama, 6 harbi, 8 kuma can duk suke komawa. Na zana a takarda na nuna wa wani mai shago, wai wasan yara ne. Ko an ƙi ko an so, wannan aikin injiniya ne.

Malamin Fasaha: Sannu da ƙoƙari, ƙanena, amma ajiye maganar injiniya. Sai ka yi karatun, COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ta yi maka rajista.

Baba Mai Rediyo: Malam, masu rajistar nawa ne suka iya riƙe dalma? Nan suke kawo mini caja in gyara musu.

Malamin Fasaha: Gyara daban, ƙira daban, Baba.

Ɗan Jekadafari: Makunnai biyar ne abin ɗaga murya? Bari ya buɗe hannun Sega Mega Drive mai maɓalli uku ya gani. Filogi iri ɗaya, amma akwai ayisi 74HC157 da ke raba maɓallan kashi biyu, injin yana zaɓar wanda zai karanta ta rami na 7. Yaranmu na Gombe sun daɗe da wuce nan.

Ɗan Wunti: Yallaɓai, a 1996 aka yanke ku daga Bauchi. Yaushe aka yaye ku?

Ɗan Jekadafari: Shi ya sa kuka tsaya inda muka bar ku.

Baba Mai Rediyo: Ku bar zancen jiha. Malam bai ba ni amsa ba, ya taɓa ƙona yatsa kuwa?

Hajiyar Yelwa: Ni dai wa zai gyara mini na yarana? Hagu ba ya ci.

Mai kula da zaure: An rufe. Abin da ya fito fili, mai aiki da hannunsa shi ne injiniya, kamar yadda Baba, wanda ya koya mini aiki, ya bayyana. Masu takarda ba su kawo hujja ba. Na Gombe kuma neman magana ya kawo shi.