Shawarar haɗa kejin kaji da ake iya matsarwa a tsakar gida

Mai tambaya, Ƙofar Marusa, Katsina: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da kajin gida guda 8 da nake kwanar da su a tsohon akurkin ƙasa, amma warin wurin ya fara damun iyali, ga shi kuma shirwa ta ɗauke mini 'yan tsaki biyu a makon jiya saboda da rana sake su nake yi. Ina so in haɗa keji wanda zan riƙa jan sa daga wannan gefe na bayan gida zuwa wancan, don haka ina neman shawararku kan girma da kayan da suka dace.

Kafinta, Sabuwar Unguwa: Wa alaikumus salam, Malam. Ga kaji 8, tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4 ya wadatar, domin kowace kaza za ta sami kimanin ƙafa 4 murabba'i. Wannan awon yana da wani amfani kuma: katakon da ake sayarwa mai tsawon ƙafa 12 yana fitar da gefe mai tsawo ɗaya da gajere ɗaya ba tare da an zubar da komai ba. A yi gindin da tu-bai-fo (katako mai inci 2 da 4), sauran jikin kuma da tu-bai-tu (mai inci 2 da 2), tsayinsa kada ya wuce ƙafa 3. Kuskuren da nake yawan gani shi ne mutum ya lafta katako mai kauri ko'ina don neman ƙwari, a ƙarshe kejin ya gagari ɗauka, ya zauna wuri ɗaya kamar akurkin da aka gudo daga gare shi.

Hajiya mai kiwo, Daura: Gaskiyar mai sana'a ke nan, domin ni abin da ya same ni ke nan a kejina na farko. Na sa aka yi mini shi da ƙananan tayoyi, irin na kujerar ofis, amma ƙasarmu ta Daura rairayi ce, tun ranar farko suka nutse. Sai da na canza zuwa tayoyin baro guda biyu a gefe ɗaya, da mariƙa biyu a ɗaya gefen, sannan ya zama ko 'yata tana iya ɗaga shi ta tura. Ina ba ka shawara, ƙanena, ka gwada nauyinsa tun a wurin kafinta, kuma wanda zai riƙa matsar da shi kullum shi ya kamata ya gwada, ba majiya ƙarfin shagon ba.

Mai tambaya, Ƙofar Marusa: Na gode, Hajiya. To batun ƙasan kejin fa, a shimfiɗa raga ne ko a bar shi buɗe?

Malamin gona, Ƙofar Ƙaura: A nan ne amfanin kejin yake gaba ɗaya, saboda haka bari in ɗan tsawaita. Idan ƙasan a buɗe yake, kaji za su yi tono, su ci ƙwari da ɗanyar ciyawa, su bar kashinsu a wurin, kai kuma ka matsa da su gaba kafin wurin ya ƙazantu. Ƙwayar cutar da ke sa kaji kashin jini tana fita ne a cikin kashi, kuma tana buƙatar kwana ɗaya zuwa biyu a damshi kafin ta iya kama wata kazar, shi ya sa matsar da keji kullum, ko aƙalla bayan kwana biyu, yake rage ta ƙwarai, musamman da damina. Wurin da aka tashi kuma ya sami taki, sai dai kada a shuka alayyafo ko tumatir a kansa nan take, domin ɗanyen kashin kaji yana da ƙarfi, yana ƙona saiwa. A juya ƙasar a bar ta ta huce na wasu makonni. Raga a ƙasa tana hana tono, tana kuma ji wa kaza ciwo a tafin ƙafa, don haka ni ba na goyon bayanta.

Dattijo, Rafin Daɗi: Malam ya yi bayani mai kyau, amma ina da gyara ɗaya. A cikin gari gafiya da muzuru ba sa barci, kuma gafiya ta ƙarƙashi take haƙowa. Abin da na yi shi ne na ware kashi ɗaya cikin uku na kejin na mai da shi ɗakin kwana mai daɓen katako, a ɗage daga ƙasa, da ƙofa mai sakata da ake rufewa bayan magariba. Sauran wurin na bar shi a buɗe kamar yadda ya ce. Raga kuma a sayi mai ƙananan ido, na rabin inci, domin mai manyan ido maciji da ɓera suna ratsa ta, ɗan tsako ma yana iya saƙala kansa.

Kafinta, Sabuwar Unguwa: Haka ne, Baba. A cikin ɗakin kwanan a gitta sandunan da za su riƙa hawa, kowace kaza ta sami kamar inci 8 zuwa 10, sannan a yi akwatin ƙwai biyu, kowanne ƙafa ɗaya ta kowane gefe, da murfi ta waje don ɗaukar ƙwai ba tare da an shiga ba. Gindin katakon da ke taɓa ƙasa a shafa masa maganin gara a bar shi ya bushe sosai kafin a zuba kaji, ko da yake matsarwar kanta tana hana gara samun zama.

Hajiya mai kiwo, Daura: Akwai abin da ba a taɓo ba, wato zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin nan yakan haura digiri 40, kuma kaza ba ta yin gumi, da haki take fitar da zafin jikinta. Kwano tsirara a kan keji mai tsayin ƙafa 3 yana iya kashe su cikin yini ɗaya. Ni zana nake ɗorawa a kan kwanon, in bar tazara a ƙarƙashinsa iska ta wuce, da hantsi kuma in tura kejin ƙarƙashin bedi. Da hunturu sai in rufe gefen gabas da arewa da buhu, amma ba na toshe ko'ina. A farkon damina kuma a kafa turke a ɗaure shi da igiya, domin rashin nauyin da muke nema shi ne ke sa iskar hadari ta kifar da shi.

Malamin gona, Ƙofar Ƙaura: Tun da Hajiya ta ambaci hunturu, keji ba ya maye gurbin riga-kafi. Cutar Newcastle, wadda ke share kajin unguwa a wannan lokaci, ba ta da magani idan ta kama, amma akwai riga-kafinta, irin su Lasota da ake sakawa a ruwan sha, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana sarrafa irin wannan riga-kafin. A nemi likitan dabbobi tun kafin sanyi ya shigo, sannan duk sabuwar kazar da aka sayo daga kasuwa a keɓe ta mako biyu kafin a haɗa ta da sauran.

Mai tambaya, Ƙofar Marusa: Allah ya saka muku da alheri. Zan bi awon ƙafa 8 da 4, da tayoyin baro, da ɗakin kwanan da Baba ya kwatanta. Abu ɗaya ya rage mini: kazar da ke kwanci a kan ƙwai, ita ma a riƙa ja da ita?

Dattijo, Rafin Daɗi: A'a, ɗana. Girgizar tana iya sa ta tashi ta bar ƙwan. Ka mayar da ita tsohon akurkinka bayan ka share shi ka zuba toka, ta yi kwana 21 ɗinta a natse, idan 'yan tsakin sun yi ƙwari sai ka dawo da su keji.