Tsohon kantin Sabon Garin Zariya: zai yiwu a mayar da shi gidan zama?

Ɗan Sabon Gari: Assalamu alaikum. Tsofaffin kantunan nan na wajen unguwar PZ (Paterson Zochonis), me ya kamata a duba kafin a yanka su ɗakuna?

Magini: Wa alaikumus salam. Yawancinsu an gina su ne bayan zuwan jirgin ƙasa Zariya wajen 1911, lokacin da kamfanoni irin su John Holt da Paterson Zochonis ke sayen gyaɗa da auduga. Sito ne da shago: bango mai kauri, rufi dogo, tagogi kaɗan. Fara da katakon rufi. Ka caka masa sukudireba, in ya shige, gara ta gama da shi. Kada ka fasa sabuwar taga sai ka fara zuba lintel (kankaren da ke riƙe bango a saman taga), in ba haka ba bangon zai tsage daga kusurwa.

Injiniya: Alhaji, danshi ne babbar matsala. Tsohon bulo da aka ɗaura da farar ƙasa yana fitar da ruwan damina ta jikinsa. In ka shafe shi da siminti zalla, ruwan ya maƙale ciki, fenti ya kumbura, filasta ta zube. A sa farar ƙasa a kwaɓin. Bangon raba ɗakuna bulo inci 6 ya isa, amma a haƙa masa nasa tushe, daɓen sito ba zai ɗauke shi ba.

Hajiya Tudun Wada: Ku nemi izinin sauya amfanin gini daga KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, tukuna. Kuma shadda ta yi nesa da rijiya, aƙalla mita 15.