Shafin rasit da muka ajiye ya ƙi buɗewa, a taimaka

Maman Khalifa, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana ya biya kuɗin makaranta ta intanet, ya sauke shafin rasit ɗin da Chrome a wayarsa, fayil ɗin ya fito da wutsiyar .mhtml. Mun kai shagon buga takardu, an danna sau biyu, kwamfuta sai tambaya take da wace manhaja za a buɗe. An gwada Firefox, ya ƙi. Akwai wani kuma da ƙanwata ta turo daga iPhone, mai wutsiyar .webarchive, shi ma shiru. Jibi za a miƙa takardar.

Mai Gyara, Computer Village:
Wa alaikumus salam Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Firefox ba ya karanta .mhtml da kansa, 'yan ƙarin manhajojin da ake liƙa masa don wannan aiki kuma sun daina tafiya tun fitowar Firefox 57 a 2017. Internet Explorer da mutane suka saba buɗe irin wannan da shi, Microsoft ta yi masa ritaya a watan Yunin 2022. A buɗe Edge ko Chrome, a danna Ctrl da O, a zaɓo fayil ɗin, ko a jawo shi da linzami a sake shi cikin taga. Da ya bayyana, Ctrl da P, a zaɓi Save as PDF.

Malamin Kwamfuta, Idi-Araba:
In ya ƙi duk da haka, kada a yi ta canza manhaja a makance, a leƙa cikinsa tukuna. A duba nauyinsa: in 0 KB ne, babu komai ciki, sai dai a sake turowa. In yana da nauyi, a buɗe shi da Notepad. Na Chrome yakan fara da layin From: <Saved by Blink>, can ƙasa kaɗan a ga multipart/related. Wato tsarinsa ɗaya da na imel, rubutu da hotuna a ƙunshe wuri guda. Wani lokaci wutsiyar ce ke ɓacewa wajen turawa, Windows kuma tana ɓoye wutsiyoyi. A File Explorer, inda ake ganin fayilolin kwamfuta, a kunna File name extensions a ƙarƙashin View, a mayar masa da .mhtml. Word ma yana buɗe shi, amma yakan hargitsa tsarin shafin, ban ba da shawararsa ga rasit ba.

Na iPhone ɗin kuwa, in kin ga bplist00 a farkonsa, na Safari ne, Edge da Chrome ba za su karanta shi ba ko an canza masa suna. Ƙanwarki ta sake buɗe shafin a Safari, ta taɓa alamar rabawa, ta shiga Options, ta zaɓi PDF.

Maman Khalifa, Agege:
Allah ya saka da alheri. Ya buɗe a Edge, amma wurin hoton yaron fari fat, maɓallin Print na cikin shafin ma ba ya motsi.

Mai Gyara, Computer Village:
Maɓallin ba zai taɓa motsi ba Hajiya, domin Edge da Chrome suna kashe JavaScript, wato abin da ke sa irin wannan maɓalli aiki, a cikin .mhtml saboda tsaro. Hoton kuma wataƙila bai gama saukowa ba aka ajiye shafin, abin da bai shiga fayil ba kuwa babu mai gyaran da zai fito da shi. Yaron ya koma shafin makarantar inda sabis ke da ƙarfi, ya gangara har ƙasa ya ga komai ya fito, sannan ya taɓa ɗigo uku na saman Chrome, Share, Print, Save as PDF. Don Allah kada a ɗora rasit ɗin a shafukan da ke juya fayil kyauta, akwai suna da lambar biya a jiki. In an gama bugawa a shago, a goge shi daga Downloads da Recycle Bin kafin ku tashi.