Kwana nawa ne al'ada ta lafiya, kuma daga ina ake fara ƙirga?

'Yar Birni:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. A makarantar islamiyya ana cewa haila tana kai kwana 15, a asibiti kuma su ce in ta wuce sati akwai matsala. Wanne za a kama? Kuma lissafin wata daga ranar zuwan jini ake farawa ko daga ranar wanka?

Ungozoma, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Daga ranar da jan jini ya fara zuba ake ƙirga, ita ce rana ta 1, har jajibirin zuwan na gaba. Ƙirga daga ranar wanka shi ke rikita mata da yawa. Tsakanin wannan da wancan, kwana 21 zuwa 35 duk lafiya ne, 28 ba dole ba ce. Zubar kuma kwana 2 zuwa 7, kuma yawanci duk jinin kamar cokalin cin abinci biyu zuwa uku ne, ko da yake a ido ya fi haka.

Ƙwai yana fita kamar kwana 14 kafin al'ada mai zuwa. Mai kwana 30, nata wajen rana ta 16 ne. Alamarsa farin ruwa mai yauƙi kamar na ɗanyen ƙwai. Maniyyi yana iya kwana 5 da rai a jiki, shi ya sa ciki kan shiga tun kafin ranar.

A zo asibiti in auduga tana jiƙewa sharkaf duk awa ɗaya ko biyu, in gudaji manya suna fita, in ya wuce kwana 7, ko ana ganin jini bayan saduwa. Wanda ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewar al'ada, wannan kada a kwana da shi. Yawan zubar jinin al'ada, sau da yawa ƙari ne a mahaifa ke kawo shi, hoton ciki ke nuna ƙarin. Allurar tazara ta wata uku da ashanar hannu kuwa suna kawo ɗigo-ɗigo ko ɗaukewa gaba ɗaya, ba taruwa jinin yake a ciki ba. A rubuta ranakun al'ada na wata uku a takarda a zo da ita.

Malama, Zango:
'Yata, ba saɓani. Kwana 15 a mazhabar Malikiyya iyakar hukuncin salla da azumi ne, ba shaidar lafiya ba. Wadda ta saba kwana 6, jini ya zarce, ta ƙara 3, a cikar na 9 ta yi wanka ta yi salla, sauran istihala ne, wato jinin ciwo. Wadda ta saba kwana 14, kwana ɗaya kawai za ta ƙara, don kada ta wuce 15. Tsarki kuma da bushewar ƙunzugu ake gane shi ko farin ruwan ƙarshe. Mai istihala ta yi sallarta, ta kuma tafi wajen su ungozoma.

Ma'aikaciyar farmasi:
Ƙari kan na Yaya ungozoma: ciwon mara, ibuprofen miligiram 400 bayan an ci abinci, kada ya wuce sau uku a yini, a fara tun ranar farko. Mai gyambon ciki ko mai zaton juna biyu ta bar shi. Asfirin yana ƙara zuba, jiƙon kanwa kuma ba ya tsayar da komai. Jiri, haki da farin ido alamar ƙarancin jini ne: a auna, a sha ƙwayar ƙarin jini wata uku, a ci hanta, wake da zogale. Shayi a jinkirta shi awa biyu bayan ƙwayar, don yana hana ta shiga jiki.