Neman taimako: hoton gwiwa ta gefe ya ƙi daidaituwa

Assalamu alaikum. Ni ɗalibin rediyografi ne, wato aikin ɗaukar hoton eksire, ina cikin horon aiki a asibiti. Hoton ƙirji da na hannu an riga an sa mini hannu a kansu, amma na gwiwa ta gefe ya tsaya mini a wuya.

Ina bin abin da aka koya mana a aji: mara lafiya ya kwanta ta ɓangaren ƙafar da za a ɗauka, a lanƙwasa gwiwar digiri 20 zuwa 30, a karkata bututun eksire digiri 5 zuwa 7 ta wajen kai. Duk da haka kawunan nan biyu na ƙarshen ƙashin cinya ba sa hawa kan juna. Na san idan tibiya (babban ƙashin ƙwauri) ta rufe kan fibula (siririn ƙashin da ke gefenta) da yawa, ƙafar ba ta juya waje sosai ba, idan kuma fibula ta fito fili, juyawar ta yi yawa. To amma sai hoton ya fito nake ganin haka, kuma maimaitawa ƙarin hasken eksire ne a jikin mutum, abin da ke damuna ƙwarai. Mai kula da mu yakan gyara da hannunsa cikin sauri, ga layi, babu lokacin bayani.

Don Allah, malamai, me kuke taɓawa ku tabbatar gwiwa ta daidaita kafin ku danna maɓallin ɗaukar hoton, musamman ga mai jiki ko wanda gwiwarsa ta kumbura? Kuma ga mai faɗin ƙugu, kuna ƙara karkatar bututun ne?